Kwaɗi a Fada: Sharhi a kan Gajerun Finafinan Mustafa Alasan na Tawa

I

Ƙauyen Gangara yana cikin ƙasar Jibiya, a Jihar Katsina, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jumhuriyar Nijar. Hanyar mota da ta taso daga birnin Katsina ta ratsa Jibiya, ta ƙetare iyaka a Magama, ta bi ta Ɗan Isa, sa'an nan ta shiga Maraɗi. Mutumin Gangara ya fi kusa da Maraɗi ƙwarai a kan Kano. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Masarautar Maraɗi kuwa Katsinawa ne suka kafa ta bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina a ke ce da sarkinta. Hatsi da dabbobi da aure sun daɗe suna ƙetare wannan iyaka, ko tana buɗe ko tana rufe. Abin da ya kasa ƙetare ta shi ne littafin makaranta.

In aka tambayi ɗalibin kwalejin horon malamai tarihin fim a ƙasar Hausa, zai fara da majigi na zamanin Turawa, ya ambaci *Shaihu Umar* wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya sauka a kan *Turmin Danya* na 1990 da kasuwar bidiyo ta Kano. Bai faɗi ƙarya ba, amma duk abin da ya lissafa yana kudu da Magama. A arewa da ita akwai wani mutum da ya fara yin fim tun 1962, ya sa wa finafinansa sunayen Hausa, ya ɗauki mai tatsuniya Bahaushe ya zaunar da shi gaban kyamara, ya kuma ƙare kwanakin aikinsa a Tawa, cikin ƙasar Adar. Sunansa Mustafa Alasan, a rubutun Faransanci Moustapha Alassane. Manufar wannan takarda ita ce a duba gajerun finafinansa, a nuna cewa a kan ƙa'idar tatsuniya da wasannin kwaikwayo na gargajiya aka gina su, a kuma faɗi inda suka gaza.

II

An haifi Mustafa Alasan a 1942 a N'Dunga, kusa da Yamai, cikin ƙasar Zabarma, ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. Tun yana yaro ya kan yanka siffofi da kwali, ya haska fitila a bayansu, inuwarsu ta faɗa a kan ƙyalle, yara su taru kallo. Da ya girma ya koyi aikin kanikanci. Daga nan ya sami shiga cibiyar bincike ta Faransawa a Yamai, inda ya sadu da Jean Rouch, mai nazarin al'adu da kyamara, wanda ya koya masa ɗaukar hoto mai motsi, ya kuma buɗe masa hanyar zuwa hukumar fim ta ƙasar Kanada. A can ya ga aikin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi, wanda har a jikin zaren fim ya kan yi zane ba tare da kyamara ba. Daga baya Alasan ya shugabanci sashen fim na Jami'ar Yamai shekara 15.

Fim ɗinsa na farko shi ne *Aouré*, na 1962. Ya riga *Borom Sarret* na Usman Sembene, ɗan Senegal, da shekara guda, alhali kuwa da wannan na biyu a kan buɗe tarihin fim ɗin Afirka a littattafai da yawa. Mai nazarin harshe zai lura da sunan nan da nan. Kalmar Hausa ce, aure, aka rubuta ta da ƙa'idar Faransanci, inda haruffa biyu, o da u, su ke tsayawa a madadin wasalin u. Haka kuma *Kokoa*, ɗaya daga cikin finafinansa na ƙarshe, kokowa ce, aka jefar da harafin w domin Bafaranshe ba ya bukatarsa tsakanin wasulan nan biyu. Abin lura a nan shi ne, labarin *Aouré* a ƙauyen Zabarmawa ya faru, bakin kogin Kwara, amma da mai fim ya nemi sunan da jama'ar ƙasarsa za su gane, sai ya ɗauko Hausa. A 1969 kuma ya yi *Deela*, wanda ya gina a kan tatsuniyar Albarka Cibau, shahararren mai ba da labari na Tawa.

Wani zai ce, ai mutumin ba Bahaushe ba ne. Amsa ita ce adabin Hausa bai taɓa tambayar asali ba. Abubakar Imam a Kagara aka haife shi, kakanninsa daga Barno suka fito, ya kuma ɗebo labaran *Magana Jari Ce* daga Larabawa da Indiyawa da Turawa, duk da haka ba wanda ya fitar da shi daga manhaja. Abin da a ke dubawa shi ne aikin, da kuma tukunyar da aka dafa shi a ciki.

III

Kafin a shiga finafinan ɗaya ɗaya, ya kamata a bayyana abin da a ke nufi da fim na gwaji. Fim na kasuwa yana da hanyar da aka riga aka share masa: labari mai tsawon awa ɗaya da rabi ko fiye, da jarumi, da matsala, da warwara. Fim na gwaji shi ne wanda mai yinsa ya bar wannan hanya, ya koma yana tambayar abin da kyamara da zaren fim za su iya yi in an sarrafa su wata siga dabam. Galibi gajere ne, mutum ɗaya ko kaɗan su ke yinsa, kuma ba a sa ran kuɗinsa su dawo daga ƙofar silima.

Zane mai motsi ya fi kowane iri cin rai. Ido yana ganin motsi ne in hotuna 24 suka wuce gabansa cikin daƙiƙa guda. Fim na minti 5 ke nan yana da hotuna 7,200. Ko da an ɗauki kowane zane sau biyu, kamar yadda masu sana'ar su kan yi don sauƙi, sai an ajiye zane gaban kyamara sau 3,600. In da 'yan tsana a ke aiki, sai a motsa hannun 'yar tsana kaɗan, a ɗauki hoto, a sake motsawa, a sake ɗauka, har a gama. Kamfanonin Amurka da ɗaruruwan ma'aikata su ke yin wannan. Alasan da hannunsa ya yi mafi yawansa, kuma kanikancinsa ya yi masa rana, gama ya kan harhaɗa kayan aikinsa da kansa.

Akwai dalilin da ya sa wannan zaɓi ya ke da nauyi a tarihi. William Sellers, jami'in kiwon lafiya a Ikko wanda ya shugabanci sashen fim na ƙasashen mulkin Ingila daga 1939, ya kafa ƙa'idodin da aka bi wajen shirya finafinan majigi. A ganinsa mutumin ƙauye na Afirka ba zai fahimci hoto ba sai an tafi da shi sannu sannu, kyamara ta tsaya cik, a guje wa duk wata dabara da za ta rikita shi, a nuna masa abu ɗaya a lokaci ɗaya. Da wannan tunani aka yi ta zagaya garuruwan Arewa da motar majigi ana koyar da tsabta da noman auduga. Sellers ya manta cewa mutanen da ya ke jin tsoron rikita su sun tashi ne suna jin labarin Gizo yana aure, kura tana zuwa kasuwa, ba su taɓa ɗauka gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki a ke nufi ba. Wanda ya saba da wannan ba zai ruɗe ba don ya ga kwaɗo ya hau jirgin sama. Alasan ya yarda da basirar masu kallonsa, kuma a kan wannan yarda dukan aikinsa ya tsaya.

IV

Kwaɗi sun fara bayyana a *La Mort de Gandji*, watau mutuwar Ganji, na 1965, labarin wani sarkin kwaɗi da fadawansa, wanda ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. Amma wanda ya fi cika shi ne *Bon voyage Sim*, watau a sauka lafiya Sim, na 1966. Tsawonsa minti 5 ne, baƙi da fari, zanensa layuka ne kawai ba ado. Sim shugaban jumhuriyar kwaɗi ne. Takardar gayyata ta zo masa daga shugaban wata ƙasa, aka yi masa rakiya, ya hau jirgi, aka tarye shi da fareti da girmamawa, ya komo gida. Iyakar labarin ke nan.

Mai kallo na farko zai ce ba abin da ya faru, kuma a nan gwanintar ta ke. Ziyarar shugabanni a shekarun farko na mulkin kai haka ta ke: jirgi, da jan kilishi, da soja a jere, da jawabi, talaka kuwa bai ga abin da ya ƙaru da shi ba. Alasan bai sa wani ya tashi ya faɗi wannan ba. Ya kwaikwayi bikin daki daki, ya canja abu ɗaya tak, ya mai da mahalartansa kwaɗi. Kwaɗo kuwa kowa ya san shi: tumbi ne da kumburin maƙogwaro, da damina ya cika dare da kuka kamar wani abin tsoro, in gari ya waye yaro ya taka shi bai sani ba. Har ƙarancin kayan aiki ya shiga cikin ma'anar. Mai zane shi kaɗai dole ya riƙa maimaita zane guda, saboda haka sojojin Sim duk kama ɗaya gare su, tafiyarsu ɗaya, kamar yadda bukukuwan da a ke yi wa ba'a su ke maimaita juna daga wannan babban birni zuwa wancan.

Wannan dabara tana da suna a ƙasar Hausa. A wasan gauta matan fada su kan yi shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi maganarsu da tafiyarsu, sarki na zaune yana kallo, ya ga kansa yadda jama'a su ke ganinsa ba tare da an yi masa rashin kunya ba. *Bon voyage Sim* wasan gauta ne da aka yi da alƙalami. Habaici ne, gama bai kama sunan kowa ba, wanda ya tsargu shi ya san dalili.

Masu tarihin fim sun ruwaito cewa a shirin farko, da Sim ya komo sai ya tarar an hamɓare shi, aka jefa shi kududdufi, amma aka cire wannan ƙarshe kafin a saki fim ɗin. Shekarar kuwa ta isa ta sa a yi hattara: a Janairun 1966 soja suka karɓi mulki a Nijeriya da kuma ƙasar da a yau a ke kira Burkina Faso, a Fabrairu aka tumɓuke Kwame Nkrumah na Gana yana kan hanyar ziyara a Asiya. A 1974 abin ya iso kan Diori Hamani na Nijar, a 1975 kuma Janar Gowon ya ji labarin faɗuwarsa yana taro a Kampala. Ana iya cewa cirewar ta rage wa fim ɗin ƙarfi. Hujjar da ta fi rinjaye ita ce akasin haka. In an jefa Sim kududdufi, labarin ya zama na mutum ɗaya da ya gamu da sakamakonsa, mai kallo ya yi dariya ya huta. Da aka bar shi ya sauka lafiya, sai zambon ya koma kan bikin kansa, wanda zai ci gaba ko wane kwaɗo ne a kan kujera.

V

A shekarar nan ta 1966 ya fitar da *Le Retour d'un aventurier*, watau komowar ɗan yawon duniya, mai tsawon minti 34, da mutane na gaske. Wani saurayi, Jimi, ya komo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da takalma da bindigogi. Kowa ya ɗauki sabon suna irin na silima: Djingarey Maiga ya zama Black Cooper, Zalika Souley ta zama Sarauniya Christine. Suka sami dawaki, suka shiga kwaikwayon abin da suka saba gani a allon silima, shan giya da caca da dambe, har suka addabi garinsu, wasa ya zama zub da jini.

An sha fassara fim ɗin da cewa gargaɗi ne a kan lalacewar tarbiyya saboda finafinan waje, a kawo karin maganar nan, kayan aro ba ya rufe katara. Fassarar tana da gaskiya, amma ta tsaya a rabin hanya. Kyamarar Alasan tana jin daɗin samarin nan. Ta bi sukuwarsu cikin fili da sha'awa, ta nuna cewa hular ta yi musu kyau, kuma ƙasar Sahel da dawakinta ta dace da irin wannan fim kamar don ita aka ƙago shi. Mai wa'azi ba ya ɗaukar abin da ya ke hani da shi da irin wannan marmari.

Abin da zai taimaka a nan shi ne kalankuwa. Bayan kaka samarin ƙauye su kan naɗa wa junansu muƙamai, wannan gwamna, wannan alƙali, wannan ɗan sanda, su yi shigar masu muƙaman, su yi mulkin wasa na 'yan kwanaki. Manya ba su hanawa, domin kowa ya san ranar da za a tashi, a tuɓe kayan, a koma gona. Aron suna da aron tufa ba baƙon abu ba ne ga matasan ƙasar nan. Abin da ya ɓace wa Jimi da abokansa shi ne ranar tashi. Wasan da suka aro ya zo musu ba tare da dattijon da zai ce ya isa ba, bindigar cikinsa kuma tana kisa. Tambayar da fim ɗin ya ajiye ita ce wa ke da ikon rufe wasa in an buɗe shi, kuma tambayar ba ta tsufa ba a ƙasar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, inda samari masu bindiga suka hana ƙauyuka barci a shekarun nan.

Raunin fim ɗin yana wajen manyan gari. An zana samarin da rai, kowa da halinsa, amma dattawan sun zo a dunƙule, kamar an kawo su ne don labari ya sami inda zai tsaya. An kuma ɗora muryoyi daga baya, har wani lokaci baki da magana ba su haɗuwa, ko da ya ke wannan ya yi kama da yadda finafinan kaboyi su ke isowa Yamai da muryoyin Faransanci da aka liƙa musu.

VI

*Samba le grand*, watau Samba mai girma, na 1977, da 'yan tsana aka yi shi, cikin launi. Wani jarumi ya nemi auren wata gimbiya, ta ɗora masa sharaɗi bayan sharaɗi, ya cika su duka, amma ba su sadu ba sai a mutuwa. Aikin hannun abin yabo ne, tufafin 'yan tsanan da dawakinsu da gine-ginen duk na ƙasar Sudan ne. Sai dai labarin jarumtaka yana son fuska mai canjawa, fuskar 'yar tsana kuwa ba ta motsi, saboda haka nauyin duka ya koma kan muryar mai ba da labari, hoto ya zama rakiya. A nan fim ɗin ya fi kusa da littafi mai hotuna.

*Kokoa*, wanda ya fara a 1985 ya kuma sake fitarwa a 2001, ya tsira daga wannan matsala, domin kokowa ba ta bukatar bayani. Fage ne irin wanda duk mutumin Nijar ya sani, musamman tun da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975. 'Yan kokowar su ne kwaɗi da hawainiya da tsuntsu, alƙalin wasa kuwa ƙaguwa ce. Dariyar tana fitowa daga jikin kowace dabba, yadda halittarta ta ke ba ta wata dabara ko ta hana ta wata. Haka tatsuniya ta ke aiki: ba a bayyana halin kura, ambaton sunanta ya isa. Taurin motsin 'yar tsana, wanda ya zama aibi a *Samba*, a nan ya yi daidai da takun ɗan kokowa sa'ad da ya ke zagaya abokin karawarsa yana neman makama.

Haka kuma *La Bague du roi Koda*, zoben sarki Koda, na 1962, zai zama sananne ga duk wanda ya ji tatsuniyar Ba-sarki-sai-Allah. Azzalumin sarki ya ba masunci ajiyar zobe a kan ransa, ya bi ta hannun matarsa ya karɓe, ya jefa kogi, zoben ya komo a cikin kifi. Alasan daga bakin Zabarmawa ya ɗauko shi, wannan kuwa shaida ce cewa rumbun labaran ɗaya ne.

VII

Kwatanci da wani mai irin wannan sana'a a ƙetaren teku zai ƙara fito da abin da a ke nufi. Kevin Jerome Everson baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1965 a garin Mansfield na Jihar Ohayo, ya yi gajerun finafinai fiye da 100, mafi yawansu a kan ma'aikata baƙar fata da motsin hannunsu a bakin aiki. A *Fe26* na 2014, mai tsawon minti 7, mutum biyu ne su ke yawo a unguwannin Cleveland suna neman ƙarfen da za su sayar. Mai kallo zai ɗauka rayuwa ce aka ɗauka yadda ta ke, alhali murfin rami da ƙarafan da su ke riƙe da su Everson ne ya ƙera su da hannunsa, gama shi masassaƙi ne kafin ya zama mai fim.

Mutanen nan biyu sun haɗu a wuri uku. Kowannensu ya shigo fim daga sana'ar hannu, kowanne yana ƙera abin da zai ɗauka, kowanne kuma ya ƙi ya tsaya yana yi wa baƙo bayanin mutanensa. Sun rabu a wajen gado. Everson ya kan kore labari gaba ɗaya, ya bar mai kallo da tsawon lokaci da maimaicin aiki, har ya yi *Park Lanes* a 2015, fim na awa 8, daidai da yinin ma'aikaci a masana'anta. Yana yin haka ne domin silimar ƙasarsa ta daɗe tana ƙulla wa baƙar fata labaran da ba nasu ba. Alasan ba shi da dalilin gudun labari, gama ya gaji wata hanyar ba da shi wadda ta riga silima, gajeriya, mai sa dabba a madadin mutum, mai barin hukunci ga mai sauraro. Abin da ya zama sabon gwaji a idon masu kallo a Turai da Amurka, kamar waɗanda suka ga finafinansa a gidan adana fasahar zamani na birnin New York a 2017, tsohuwar ƙa'ida ce a dandalin ƙauye.

VIII

Babban aibin finafinan nan shi ne harshe, kuma bai kamata a rufe shi ba. Sunan *Aouré* Hausa ne, amma bayanin da ke tafe da hotunan da Faransanci a ke yinsa, kuma sigar bayanin ta masu nazarin al'adu ce, wadda ta ke nuna wa na waje yadda a ke aure a ƙasar wasu. Nan tasirin Rouch ya fi fitowa, nan kuma Alasan ya fi nisa da kansa. *Samba* ma da Faransanci a ke ba da labarinsa. Dalilin a fili ya ke: kuɗin aiki da wurin wanke fim da bukukuwan da a ke nunawa duk suna hannun masu jin Faransanci. Sakamakon shi ne tsohuwar da ta fi kowa sanin ƙa'idar da aka gina fim ɗin a kanta ita ce ba za ta ji abin da a ke faɗa ba.

Daga nan za a iya fitar da ma'auni guda na auna aikinsa. Finafinan da suka fi ƙarfi su ne waɗanda hoto ya ɗauki nauyinsu har magana ta zama ƙari, watau *Sim* da *Kokoa* da sukuwar samarin *Le Retour*. Waɗanda suka jingina a kan murya sun fi rauni, in banda *Deela*, inda muryar ta Albarka Cibau ce, da Hausar Adar, kuma ita ce ginshiƙin aikin. Ga mai nazarin harshe wannan fim taska ce ta daban, domin ya adana karin harshen yamma a bakin gwani, tare da motsin hannu da na fuska waɗanda rubutu ba ya kamawa.

IX

Abin da ya rage shi ne na malamai. Kwalejojin horon malamai suna koyar da tatsuniya da wasan gauta da kalankuwa a darasin adabin baka, su koyar da fim a wani darasi dabam, kamar ba abin da ya haɗa su. Fim na minti 5 ya isa ya haɗa darussan nan biyu cikin awa guda: a nuna *Sim*, a tambayi ɗalibai me ya sa kwaɗo, me ya sa ba kura ko zaki ba, a bar su su kawo amsa daga abin da suka sani tun suna yara. Finafinan da ke da bayanin Faransanci kuwa, aikin fassara su zuwa Hausa bai fi ƙarfin sashen Hausa na jami'a ba, in an nemi izinin masu haƙƙinsu, an kuma haɗa hannu da takwarorin aiki na Yamai da Maraɗi da Tawa.

Akwai kuma amfani ga masu shirya fim na Kano da Katsina, waɗanda su kan kafa hujja da rashin kuɗi in an yi musu maganar maimaita labari ɗaya. Alasan ya yi aiki da abin da bai kai nasu ba, a zamanin da kowane taku na zaren fim sai an saye shi an kuma aika da shi Turai a wanke. A ƙarshen rayuwarsa a Tawa ya koma koyon zane da kwamfuta, kamar yadda fim ɗin da aka yi a kansa a 2009 ya nuna. Tarihin fim a ƙasar Hausa da ya fara daga 1976 ko 1990 ya bar shekara 14 ko 28 a baya, kuma ba wani dalili na ilmi da ya sa aka bar su, sai dai cewa suna wancan gefen Magama, a rubuce da haruffan Faransanci.